Sunan Wa Za a Raɗa wa Jaririyar Rumasa'u?

Ku gyara zama, mata, ga wata nan zan kawo muku. Ba ta Gizo ba ce, a ɗakina ta faru, kuma har yanzu ba ta ƙare ba.

'Yata Rumasa'u tana karatun digirin digirgir a jami'a, a kan ƙwayoyin halitta. Ni da na tsaya a firamare, ga iyakar abin da na gane: wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa ne da ido ba ya gani, an ɗebo su daga jikin mata masu ciwon dajin nono. Tana kiwonsu a ƙananan kwalabe, cikin wani akwatin lantarki mai ɗumi, tana canja musu wani jan ruwa wanda shi ne abincinsu. In an yi 'yan kwanaki ba a canja ba, ko wuta ta daɗe ba ta dawo ba, sai su mutu. In sun mutu, aikin shekaru ya bi su, don wasu daga cikin matan da aka ɗebo a jikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Nakan ce mata, "Ke dai kin fi mai kiwon kaji wahala, ita ko ba komai tana ganin kajinta." Sai ta yi dariya ta ce, "Inna, zo ki leƙa a madubin da muke duba su da shi, sun fi kajinki kyau."

Ana cikin haka mijinta Sadisu ya rasu a haɗarin mota, ya bar ta da ƙaramin ciki. Ta shiga takaba a gidan iyayensa. Baffansa, wanda shi ne babba a gidan, ya ce ko zaure ba za ta taka ba sai ta haihu.

Ta farko da ta tashi don ceton ƙwayoyin ita ce Rifkatu, abokiyar karatunta, Kirista 'yar Kudancin Kaduna. Ita ma tana da nata ƙwayoyin da nata wa'adin. Ta riƙa ciyar da na Rumasa'u kafin nata, har ranar Lahadi daga coci take wucewa. Hannu biyu ba su ishi aikin mutum biyu ba. Nata aikin ya ja baya, wa'adinta ya cika, aka sallame ta ba digiri. Ba don ita ba, da tun makon farko sun mutu.

Ta biyu surukarta ce, Hajiya Tasalla, uwar mamacin. Akwai gwajin da sai Rumasa'u da kanta, kuma in lokacinsa ya wuce shi ke nan. Tsohuwar nan, da hawayen ɗanta bai bushe mata ba, ta je wurin malami ta tambayo, aka ce mai takaba tana iya fita da rana in da lalura. Ta yafa mayafi, ta kama hannun yarinyar, suka bi ta gaban Baffa. Ya ce, "Tasalla, boko ya fi ɗanki ke nan?" Ta ce, "Alhaji, ɗana shi yake kai ta a kan babur. Yau ba ya nan, ni zan kai ta." Haka ta riƙa raka ta, ta shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin binciken tana jan carbi. Daga ranar dangin mijinta suka ɗauke mata ƙafa. Ko gaisuwarta ba a amsawa, a gidan da ta tsufa a ciki.

Ta uku babbar 'yata ce, wadda ba na kama sunanta, ana ce mata Anti Tela. Ana gab da salla taransifoma ta ƙone, injin wutar makarantar kuma ya lalace. Ta cire janaretan shagonta ta ɗora a Keke Napep ta kai can, ta bar ɗinkin mutane jibge. Na ce mata, "Ke, matan nan za su cinye ki ɗanya." Ta ce, "Su ci, Inna, in sun ƙoshi sa bar ƙashin." Ba su bari ba. Suka kwashe yadinsu da zagi, shagon bai sake tashi ba. Yanzu a tsakar gida take faci.

Da taimakon matan nan uku ƙwayoyin suka rayu, har cikin ya tsufa. Muka fara cewa an tsira.

Ranar da naƙuda ta kama Rumasa'u, a ranar aka shiga yajin aiki a jami'ar. Aka garƙame ƙofar ginin da kwaɗo. Rifkatu ta je ta yi magiya, masu gadi suka ce umarni ne daga sama. Kafin a samu mai makulli, fetur ya ƙare a janareta, akwatin ya huce. Da aka buɗe, ba ko ɗaya mai rai. Malaminta ya aiko da jaje, ya ce in ta gama jego sai a sake daga farko.

Daga farko! Da wane ƙarfin? Ba ta yi kuka ba, shi ya fi tsorata ni. Tana kwance tana kallon rufi, sai na ɗora mata jaririyar a ƙirji take tuna da ita. Jiya da nake gasa mata jiki ta ce, "Inna, mutum uku na rusa a banza. Ba ni da digirin da zan nuna musu. Yarinyar nan kaɗai gare ni, kuma suna ɗaya za a raɗa mata. Ki zaɓa, ni na kasa."

Baffa ya ce babu ruwansu da zaɓen suna, don haka liman ni yake jira, ga ranar suna ta matso. Su ukun duk suna zuwa barka, suna ɗaukar jaririyar, ba wadda ta nemi a sa sunanta.

To ku faɗa mini, don Allah: tsakanin wadda ta rasa karatunta, da wadda ta rasa danginta, da wadda ta rasa sana'arta, sunan wa zan kai wa liman?