Ƙurar da ke Rigar Halilu

Akwai wani matashi a ƙauyen Duza, can ƙasar Anka, sunansa Halilu. Da damina gero da dawa yake nomawa. In an kawar da amfanin gona sai ya koma bakin inji, wurin da ake niƙa dutsen da masu haƙar zinare ke kawowa har ya zama gari, sannan a wanke a ga abin da Allah ya bayar.

Matarsa Zulai 'yar Dareta ce. Allah ya ba su ɗa namiji, aka raɗa masa Mu'awiya, amma da wuya ka ji mai kiransa da wannan suna. Kowa Nababa yake ce masa, saboda yadda ya liƙe wa ubansa.

Kun dai san al'adarmu a kan ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ana jin kunya. Zulai ta riƙe wannan, "yaron nan" kawai take cewa. Halilu kuwa ya yi fatali da ita. Shi yana goye mahaifinsa ya rasu, bai san fuskarsa ba, kuma ya san abin da wannan rashi ya yi masa a zuci. Tun ranar suna ya ƙudura cewa ɗansa ba zai tashi da irin wannan kewa ba.

Da Nababa ya fara tafiya sai abin ya zama ƙa'ida. Bayan la'asar Halilu zai dawo daga inji, jikinsa fari fat da ƙurar dutse har gashin ido. Yaro da ya ji ƙarar mashin zai yar da duk abin da ke hannunsa ya nufi zaure, yana tangaɗi yana dariya. Uban ya sure shi ya ɗora a kafaɗa. Shi kuma ya cusa fuska cikin rigar, ya cire masa hula ya kai baki yana tauna.

Daga nan sai yawo. Ya zaunar da shi a kan tankin mashin, su je teburin Maikuɗi mai shayi, ya tsoma burodi ya riƙa ba shi a baki da yatsunsa. Su wuce bakin gari su tsaya kallon shanun Fulani suna komawa ruga, Nababa yana ɗaga hannu yana yi musu tsawa kamar shi ne makiyayin. Wata rana ma, in aiki ya yi yawa, tafiya yake da shi bakin inji, ya shimfiɗa masa buhu a gindin bishiya ya zauna yana wasa da ƙasa.

Maikuɗi kan tsokane shi: "Halilu, saura ka amshi zane wurin Zulai ka goya shi!"

Sai ya yi dariya ya ce, "In ta ba ni, wallahi goyawa zan yi."

Jama'a, duk wanda ya ga uban nan da ɗansa sai ya ji sun burge shi. Babu mai cewa akwai aibu a ciki.

Wata rana ana allurar rigakafi a ɗakin shan magani na garin. Zulai tana fama da zazzaɓi, sai Halilu ya baro aiki ya ɗauko yaron ya kai shi da kansa. Mai yin allurar Madam Paulina ce, ma'aikaciyar lafiya 'yar kudancin Kaduna da ta daɗe a ƙasar Anka. Tana nan a shekarar da gubar dalma ta kwashe yara a ƙauyukan nan, da idonta ta gani.

Ta dubi rigarsa, ta dubi bakin yaron. Ta ce, "Malam Halilu, daga inji kake?"

"Awo, daga can nike."

"Da wannan rigar ka ɗauko shi? Don Allah ka daina. Ƙurar dutsen nan akwai dalma a cikinta. Kai babba ne, jikinka zai ɗan jure, amma yaro komai baki yake kaiwa. Ka riƙa yin wanka da sabulu ka sauya kaya kafin ka taɓa shi. Bakin inji kuwa kada ya ƙara zuwa."

Gaskiya ta faɗa, kuma cikin ladabi. Sai dai a gaban mata ta faɗa, layi guda, kowace da goyonta, duk suka juyo suna kallonsa. Halilu ya ji kamar an tsire shi a kasuwa.

Ya ɗaure fuska ya ce, "Madam, ai na yi alwala kafin in taho. Kuma wancan karon da yara sunka mutu, cikin gida anka riƙa daka dutse, cikin turmin hatsi. Ni ko tsakuwa ban taɓa shiga da ita gida ba."

Ta ce, "Alwala ba ta wanke riga, Malam Halilu. Ba ka kai dutse gida ba, amma ƙurarsa tana bin ka har kan tabarma."

Ana gama allura ya saɓi ɗansa ya fita ko sallama babu.

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. Zulai tana kwance, ta yunƙura ta zauna. Ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri da abin da zan ce. Ina yarinya a Dareta ƙanena Nazir ya tahi, a cinyar Innarmu, yana ta jijjiga. Ban manta ba. Don Allah ka ji maganar matar nan."

Ransa ya ƙara ɓaci. "Ke ma kin bi ta ke nan? Wato ni ne guba ga ɗana! Mi ta sani game da ni da yaron ga? Duk garin nan akwai uban da ya kai ni kula da ɗa nai?"

Zulai ta koma ta kwanta. Amma daga ranar, kullum kafin la'asar sai ta ajiye bokitin ruwa da sabulu da wankakkiyar riga a zaure. Kullum kuma Halilu sai ya wuce su kamar bai gani ba. In ta yi magana ya ce, "Yaro na kuka yana miƙo hannu, in ce mai shi jira in yi wanka? Wanga wane irin rashin imani ne?"

A ransa ya san ba abin wahala aka roƙe shi ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne a ce mace ta gyara masa riƙon ɗa a bainar jama'a, shi kuma ya bi. Girman kai ke nan, ba wani abu ba.

Sannu a hankali yaro ya fara sauyawa. Burodin da yake rububi ya koma kawar da kai. Ga yawan kuka, ga riƙe ciki, ga kasala. 'Yan kalmomin da ya fara haɗawa suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Shanu su wuce a gabansa, ko hannu ba ya ɗagawa.

Zulai ta ce a kai shi a duba jininsa. Halilu ya ce haƙori ne yake fitowa, kowane yaro yana yin haka. Ya sayo maganin zazzaɓi a kemis, Innar Halilu, kakar yaron, ta haɗa jiƙo. Can ƙasan zuciyarsa tsoro ya fara shiga, amma zuwa wurin Madam Paulina yana nufin ya yarda ita ce da gaskiya. Sai ya riƙa cewa gobe.

Ranar da abin ya faru suna teburin Maikuɗi, yaron yana kan cinyarsa. Ya kai masa burodi baki, sai ya ji jikin ya sandare. Idanu suka kafe sama, haƙora suka datse, hannu da ƙafa suka kama jijjiga.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Nababa! Nababa!"

Maikuɗi ya bar tukunyarsa a kan wuta ya karɓi mashin, Halilu ya hau baya rungume da yaron. Suka tsaya ɗakin shan magani. Madam Paulina tana ganin su ba ta ce uffan kan abin da ya wuce ba. Ta kwantar da yaron ta gefe, ta yi masa allura, ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Anka za mu tafi yanzu. A ɗauko uwarsa."

A asibiti aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito likita ya kira su ya ce dalmar da ke jikin yaron ta yi yawa ƙwarai. Ya tambaya, "Ana niƙa dutse a gidanku?"

Halilu ya ce, "A'a, likita. Ko sau ɗaya."

"To wa yake aiki a inji?"

Likita ya dubi rigar Halilu, wadda har lokacin fara ce da ƙura, in ban da wurin da miyan yaron ya jiƙa a ƙirji. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da rubutu.

Halilu ya so a ce Zulai ta zage shi. Ya so ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba. Ta zauna a bakin gado ta riƙe ƙafar ɗanta, hawaye na zuba, bakinta na motsi da addu'a. Wannan shirun ya fi masa zagi ciwo. Ya fita ya zauna a baranda, bai ci ba bai sha ba, bai kuma tuna da kayan da ke jikinsa ba har gari ya waye.

Da hantsi Zulai ta leƙo ta ce, "Maigida, ya buɗe ido."

Ya shiga da sauri. Nababa yana kwance, ya yi zuru-zuru, an liƙa masa robar ƙarin ruwa a hannu. Idonsa ya yi ta yawo a ɗakin har ya sauka kan ubansa. Sai ya ɗago ɗayan hannun da ƙyar, ya miƙa masa.

Halilu ya taka zai ɗauke shi. Sai idonsa ya faɗa kan hannun rigarsa, ya tsaya cak.

Yaron ya ƙara miƙo hannu, ya fara kuka marar ƙarfi. Halilu ya ja da baya. Tun da aka haifi yaron nan bai taɓa miƙo hannu uban ya ƙi shi ba sai yau. Ya ce, "Yi haƙuri, ɗana. Jira ni. Don Allah jira ni."

Ya juya ya fita, kukan yana bin sa har waje. A bakin ƙofa ya ci karo da Madam Paulina, ta dawo duba su. Ya durƙusa a gabanta, babban mutum, yana kuka wiwi. "Madam, ki yafe mani. Da hannuna na ba shi."

Ta ce, "Tashi, Malam Halilu. Ba ni za ka ba haƙuri ba. Je ka yi wanka, ɗanka yana jiranka."

Ya sayi sabulu a bakin asibiti, wani mai jinya ya ara masa riga. Ya dirje jikinsa har fata ta yi zafi, ya wanke kai, ya ƙwaƙule ƙarƙashin farce. Sannan ya koma ya ɗauki ɗansa. Duka-duka wankan bai kai tsawon shan shayi ba, kuma shi ne abin da ya yi watanni yana ƙi.

Allah ya yi Nababa yana da sauran kwana. Ya daɗe yana shan magani, ana komawa da shi ana duba jini. Kafin a sallame su, Halilu ya koma gida ya kankare ƙasar zaure da ta ɗaki ya kwashe ya kai nesa da gari, ya ƙona tsohuwar tabarma, ya wanke mashin tas. Yanzu kayan aikinsa a bakin inji suke kwana, can yake wanka kafin ya kamo hanya. Ya roƙi Zulai gafara, ta ce ta yafe, Allah ya yafe musu baki ɗaya.

Amma likita bai ɓoye musu ba. Ya ce magani yana fitar da dalma daga jini, sai dai abin da ta riga ta taɓa a ƙwaƙwalwa babu mai yi musu alkawarin zai dawo.

Yau sa'o'in Nababa sun shiga makaranta, suna dawowa suna rera karatu. Shi har yanzu magana tana yi masa nauyi, sai an maimaita masa abu sau da yawa kafin ya kama. Halilu bai fasa fita da shi ba, kullum bayan la'asar, cikin wankakkiyar riga. In yaron ya buɗe baki yana neman kalma ta ƙi zuwa, uban yakan tsuguna a gabansa ya jira, komai daɗewa. Wani lokaci kalmar takan zo. Wani lokaci ba ta zuwa, sai ya goge masa baki su ci gaba da tafiya.

Darasi: Son ɗa ba ya kare shi daga kuskuren iyayensa. In an ba ka shawara kan lafiyar iyalinka, kada ka tsaya duba wanda ya faɗa ko a gaban wa aka faɗa, ka duba ko gaskiya ce. Kunyar da za ka ji ta ɗan lokaci ce, amma abin da girman kai zai jawo, yaro ne zai ɗauke shi har girmansa. Masu aikin dutse, ku yi wanka da sabulu ku sauya kaya kafin ku taɓa yaranku, kada ku kai su bakin inji, kuma in kun ga yaro ya sauya ku gaggauta kai shi asibiti. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da abokai, musamman iyaye maza. Allah ya raya mana zuri'a cikin lafiya.