Gadon Shamuwa da Haƙorin Kura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Shamuwa ce ta ci gado, ta rasa inda za ta zuba shi. Kun san ta, damina na ɗaukewa sai tafiya, sai kuma baɗi.

Kura ta ce, "Ƙawata, sayi awaki, ni zan yi miki kiwo." Tana faɗa miyau na zuba.

Gafiya ta ce, "Haba Yaya, gero za ki saya. Ni ko kwana a rumbun zan riƙa yi."

Shamuwa ta dubi bakin wannan, ta dubi na wancan, ta ce, "Ni ba mazauniya ba ce. Abin da ba ya ɗaukuwa zan saya." Ta je ta sayi ƙatuwar bishiyar kuka wajen Kunkuru.

Duk rani ba ta da sukuni. Ruwan farko ta dawo. Sai ga kukarta tsaye, ganye shar, masu miya na jiran ta sa kuɗi. A gindin kuwa, haƙorin Kura ne maƙale.

Shamuwa ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Allah sarki, ta dai gwada."

Ƙurunƙus! Mai musu ya je ya duba bakin Kura.