Mai Turaren Tarko da Gidan Biba

An yi wani mutum a nan arewacin Alberta, wannan yanki namu mai tsananin sanyi, gidansa na bakin wani rafi. Ba zan kama sunansa ba. Sana'arsa haɗa turaren tarko, wanda maharba ke shafawa kusa da tarkonsu don ya jawo dabbobi masu gashin tsada.

Ya 'yan uwa, kun taɓa tsayawa kun dubi biba da kyau? Ga ta dai dabbar ruwa, ta ninka gafiya girma, da wutsiya mai faɗi. Ba ta da gatari, amma da haƙori take kayar da itace, ta datse rafi, ta gina ɗakinta a tsakiyar ruwa. Wa ya koya mata? A gindin wutsiyarta kuma Allah ya ajiye mata 'yar jaka mai ƙamshi irin na jibda, da ita take sa wa iyakarta alama. In ta ji ƙamshin baƙuwa a bakin ruwanta, sai ta fito ta rufe shi da laka. To a nan tarko ke jiranta.

Mutumin nan ya iya aikin jakar. Yakan shanya ta, ya niƙa, ya zuba mai da wasu 'yan saiwoyi da bai taɓa gaya wa kowa ba, ya ɗura a ƙananan kwalabe. Ranar da ake kawo fatu kasuwa sai ya kafa teburinsa a bakin ƙofa, ya buɗe kwalba ɗaya, ya bar iska ta yi masa talla.

"Matso ka shinshina, Alhaji! Wannan ko dilan da ya yi rantsuwa sai ya zo."

Mutane su yi dariya, su toshe hanci, su saya. Kuma abin yana aiki. Biba na zuwa, dila na zuwa, har kyarkeci. Matarsa Nuhad takan ce, "Maigida, ka bar rigar nan a waje. Burodina ma ya fara warinka."

Da sunansa ya kai garuruwan kudu, sai masu shaguna suka fara aiko masa, kowa na son akwati guda. Jakar ƙamshi ta yi masa kaɗan. Ya nema wurin maharba, ya ga ta yi tsada. Sai idonsa ya koma kan gidan biban da ke sama da gidansa ta inda ruwan rafin ke gangarowa, inda suka datse rafin tun kafin a haife shi.

Kun san al'adarmu. Maharbi ba ya ƙarar da gida. Ya ɗauki ɗaya ko biyu, ya cire tarkonsa, ya bar saura su hayayyafa. Ba a rubuta wannan a jikin itace ba, amma kowa da shi ya tashi.

Maƙwabcinsa, wani tsohon maharbi mai suna Arman, ya tarar da shi yana jera tarko a kowace ƙofar ɗakin.

"Ɗana, duka?"

"Baba Arman, ai ba su ƙarewa. Wasu za su zo."

"Za su zo, amma ba bana ba. Ka ga gefen can na datsiyar yana yoyo? Ba su gama gyaran kaka ba. In ka kwashe su, kai za ka shiga ruwa ka liƙe da haƙoranka?"

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Haƙoranka ma da suka zube, Baba, ai ba aikin datsiya ne ya zubar da su ba."

Tsoho ya juya ya tafi.

Kafin ruwa ya daskare ya kwashe su kaf, uwa da uba da 'ya'ya. Ƙananan ma jakarsu ba ta cika ba, fatarsu ba ta da daraja. Ya jefa wa karnuka. Me ya ci da su? Ni ma na sha tambayar kaina.

Hunturu ya shiga, ƙanƙara ta rufe komai, rafin ya yi shiru. Mutumin ya cika rumbunsa da kwalabe har rufi, yana jiran hanya ta buɗe ya kai kudu. Duk abin da ya mallaka yana cikin rumbun nan, har tarkunansa da fatun da ya tara.

Da ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa ya taru a bayan datsiyar. A da, duk inda ta tsage, masu gidan na fitowa su toshe. Bana babu kowa. Wata safiya yana shan shayi ya ji ƙara kamar ta jirgin ƙasa. Da ƙyar ya ja matarsa suka hau tudu. Suna tsaye ruwa ya ɗaga rumbun, ya buga shi da itatuwa, ya cika gidansu da laka har taga.

Ga abin mamaki. Kwalaben da suka farfashe suka shafe bakin rafin da ƙamshi. Kwana da kwanaki dila da kyarkeci da sauran namun daji suna zuwa kangonsa da rana tsaka, suna birgima a lakar. Dabbobin da ya yi shekaru yana kira wa wasu, ga su a ƙofarsa, shi kuwa ko tarko ɗaya ba shi da shi. Ya zauna a kan kututture yana kallonsu. Bayan haka ya bar garin, bai sake haɗa turare ba.

Ya 'yan uwa, Allah bai hana mu farauta ba, bai hana mu ciniki ba. Ya halatta mana mu ɗiba, bai ce mu ƙarar ba. Mutumin nan ya san cikin biba fiye da kowa, amma bai san ita ke tsare masa gida yana barci ba. Mu fa? Halittu nawa ke yi mana aikin da ba mu gani, muna kallonsu kamar kayan sayarwa kawai?

In hannunka ya kai ga abu, tsaya ka tambayi kanka wa ke jingine da shi. Wataƙila kai ne.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa mu san inda za mu cire tarko. Allah ya kiyaye mu da haɗama, mu da iyalanmu. Amin.