A Kafa Mana Zana

An yi wani mutum a nan Matameye, zamanin da Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yau yana da dangi a cikinmu. Gardi ne, wato ɗan sandan Nasara: jar hula, ɗamara, bulala a hannu. Aikinsa tara mutane aikin hanya da tsaron kasuwa.

Ya 'yan uwa, tsaron me? Macen da ta zo daga ƙauye da tallar gyaɗa ko nono, in ta yi masa, sai ya ce akwai bincike, ya ja ta bayan rumfuna. Ta fito tana gyara zani, idonta a ƙasa. Wa za ta gaya wa? Mijinta, ya sake ta? Uwarta, ta ce rufe mana asiri? Ƙarar ma in za a kai, ta hannunsa za ta bi, don shi ne a ƙofar bariki.

A gida kuwa matarsa Maryama ke shan sauran. Makwabta na jin kukanta ta kan darni, sai su ƙara ƙarfin daka. Kakanninmu ne makwabtan nan, jama'a, kuma wallahi abin yana hana ni sakat.

Ranar da ya karya mata hannu, ta yi yaji gidan ubanta, Malam Illa, a Tsauni. Kun san yadda ake biko: a tura dattawa, a durƙusa, a ba da haƙuri. Shi girman kai ya hana shi. Ya hau doki da jar hularsa har Tsauni, ya ɗaure surukinsa da igiya, wai ya ɓoye samari kada su je aikin hanya. Ya jawo tsohon har Matameye ranar kasuwa, ya ce sai 'yarsa ta dawo zai kwance shi.

Allah da ikonsa, a ranar kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasar, ya sauka rangadi. Ya ga tsoho a ɗaure, ya sa tafinta ya tambaye shi laifinsa.

Malam Illa ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ɓoye samarin kowa ba. Ɗiyata na ɓoye, don hannu ɗaya ya rage mata."

Kada ku ce tausayi ne ya kama Nasara, ai shi ya ba gardin bulalar. Haushi ya ji, an yi rigimar gida da sunan aikinsa. Sai ya ce alƙali da dattawa su zauna su binciki duk abin da ake faɗa game da gardin nan.

Aka zauna, aka yi shela: duk wadda aka zalunta ta fito. Shiru. Aka sake yi. Shiru. Ga maza sun kewaye wurin, ga gardin a tsaye yana murza gashin baki yana murmushi. Ya san kunyar mata ce ke tsaronsa tun farko, ya kuma san ba ta taɓa ba shi kunya ba. Har alƙali ya fara lalubar takalmansa.

Sai Maryama ta miƙe, hannunta cikin karan ɗori. Ta ce, "Allah gafarta Malam, ba maganar ce babu ba. Ido ne ya yi yawa. A kafa mana zana."

Aka kafa zana. Matan gari suka shige bayanta gaba ɗaya, tsofaffi da amare, don kada a san mai magana da mai rakiya. Sai murya ta fito. Wata ta ce a hanyar rijiya. Wata ta ce bayan rumfar masu gishiri. Wata ta ce, "Ɗan da ke bayana, har yau ban iya kallon fuskarsa." Maza suka sunkuyar da kai, kowa na tsoron ya gane muryar da za ta biyo. Murmushin gardi ya gudu.

Nan take aka cire masa hula da ɗamara. Alƙali ya raba aurensa da Maryama. Aka tasa ƙeyarsa zuwa kurkukun Damagaram, inda ya yi ta fasa dutse. Da ya fito ya dawo, ba gidan da ya buɗe masa. In ya gifta kasuwa, masu fura sai su rufe ƙwaryarsu da faifai. A wata rumfa ya mutu, maza suka tsaya suna tura wa juna wankan gawarsa.

Hannun Maryama kuwa a karkace ya warke. Ba ta ƙara riƙe taɓarya ba har ta koma ga Allah.

Ya 'yan uwa, ga darasin, ba ɓoyo. Kai da aka ba iko kan mutane, amana aka ba ka, kuma matarka tana cikin mutanen. Kai da aka sa ka bincike, shirun mace ba shaida ba ce cewa ba a cuce ta ba. Nemo mata wurin da za ta iya buɗe baki. Kai kuma makwabci, kukan da ka ji jiya ta kan katanga, me ka yi? Ranar hisabi kunnenka zai ba da shaida a kanka.

Allah ya kiyaye mu da zalunci, ya kiyaye mu da yin shiru a gabansa. Amin.