Kwaɗon Gindin Randa da Mai Garin da Ya Dawo da Agogo

Masu riƙe labarin Kukar Mati sun ce a shekara ta biyu ta babban fari, sa'ad da rijiyoyin garin uku suka ƙafe saura ɗaya, Mai Gari ya rasu, aka aika wa ɗansa Tanimu ya dawo gida. Shekara tara ya yi a wata ƙasa can ƙetaren teku, yana aiki a wani katafaren gidan wanki inda injuna ba sa hutawa. Ya dawo da jaka biyu, da agogo a hannu, da ƙafar da ba ta iya zama wuri ɗaya. Aka naɗa shi a gurbin mahaifinsa, amma rawani bai sa ya natsu ba. Duk inda ya ga mutum yana aiki sai ya tsaya a kansa, ya dubi agogo, ya girgiza kai ya ce, "A can, mutum ɗaya ke yin aikin gomanku."

Ruwan gidan Mai Gari kuwa shekara talatin yana hannun Gwaggo Hansai, yayar mahaifinsa, wadda ta goya shi yana jariri. Wata rana ya tsaya a kanta tana wanki. Daga hantsi har azahar ba ta gama kaya ashirin ba, don kowane ruwa sai ta juye shi a wani mazubi, ta ɗauka, ta kai shi wani lungu, ta dawo. Sai ya ce a gaban matan gida duka, "Gwaggo, wannan da kika wuni a kai, a can ko minti goma ba zai ci ba. Irin wannan ne ya bar mu a baya." Ya yanke ta huta haka nan, ta koma ƙauye wurin ɗanta, masu jini a jika su karɓi aikin. Ya sa a kawo amalanke ran Alhamis bayan la'asar. Ita dai ta ce, "To."

Ran Alhamis da azahar Tanimu ya shiga rumfar da randa take, ya ɗebi moɗa guda, ya sha rabi, ya watsa sauran a rana. Sai ya ji an ce daga ƙasa, "Ranka ya daɗe, wannan da ka watsar, da ya ishe ni kwana uku."

Ya duba, sai ga wani tsohon kwaɗo a danshin gindin randa, fatarsa duk ta yamutse.

Tanimu ya ce, "Yau kuma har kwaɗi sun fara yi mini ƙorafi?"

Kwaɗo ya ce, "Ba ƙorafi ba ne, gaisuwar maƙwabci ce. Tun mahaifinka yana saurayi nake nan. Na ji za a kai Hansai ƙauye, sai na tuna da Sarkin Tsauni da ganuwarsa. Amma na san kai mai sauri ne, ba ka da lokacin labari."

Tanimu ya dubi agogo ya ce, "Akwai saura kafin la'asar. Yaya aka yi?"

Kwaɗo ya ce: A zamanin da, akwai wani gari a kan fako da ake kira Tsauni, rijiyarsa ɗaya, ruwanta kuwa sai an haɗa igiya uku. Sarkinsu matashi ne mai son a ce ya yi. Wata shekara ya kai ziyara Bakin Gulbi, garin da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, ya ga maginansu suna aiki. Magini ɗaya kan buga tubali ɗari uku kafin rana ta faɗi. Sarki ya komo gida zuciyarsa na tafasa, don nasa maginan ba sa wuce hamsin. Dalilin kuwa wata al'ada ce da suka gada: ba a kwaɓa ƙasa da ruwan rijiya. Kowace safiya mata kan kawo ruwan da aka gama wanki da wanka da shi, su zuba a ramin kwaɓi, magina su yi aiki daidai abin da aka kawo. In ya ƙare, sai gobe.

Sarki ya tara fadawa ya ce, "Ina son ganuwa irin ta Bakin Gulbi, cikin kwana arba'in. Daga yau kowane magini tubali ɗari uku, su ja ruwa daga rijiya kai tsaye. Ba zan zama sarkin malalata ba."

Sarkin Magina, wani dattijo da ƙasa ta cinye faratansa, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamaninka, hannuwanmu ba su fi na mutanen Bakin Gulbi nauyi ba. Ina dai tsoron kada abin da ya sami mai lambun nan ya same mu."

Sarki ya ce, "Wane mai lambu?"

Sarkin Magina ya ce: An yi wani attajiri da ya dasa 'ya'yan itatuwa da rani, ya ɗauki mutum biyu su yi masa ban ruwa. Na farko sunansa Barau, ƙaƙƙarfa, mai waƙa in yana aiki. Kafin hantsi ya bi dashe ɗari yana sheƙa musu ruwa, ƙasa ta yi baƙi, wuri ya yi kyau. Na biyu sunansa Nomau, ba ya magana. Shi dashe goma ya kama. Ya bi gida gida yana roƙon tsofaffin tuluna masu tsaga, ya binne ɗaya a gindin kowane dashe har wuya, ya cika shi da ruwan wanke-wanke, ya rufe bakin da sakaina. Ruwan yana tsattsafowa ta tsagar a hankali, can ƙasa inda saiwa take.

Kullum da azahar mai lambu kan zo. Ya ga ɓangaren Barau a jiƙe, ya ce madalla. Ya ga ɓangaren Nomau a bushe ƙayau, shi kuma yana zaune yana gyaran bakin tulu. Ranar bakwai ya ce, "Kai, zama na ɗauke ka ka yi? Wancan ɗari, kai goma, goman ma ban ga ruwa a kansu ba."

Nomau ya ce, "Maigida, ka tona da yatsa ka gani."

Mai lambu ya ce, "Ni zan tona maka? Kama hanya."

Nomau ya ɗauki sandarsa ya tafi. Rana kuwa kullum takan lashe ruwan Barau kafin la'asar, bai taɓa kaiwa ga saiwa ba. Kafin damina ta faɗi dashe ɗari sun zama itacen wuta. Goman nan, da matar mai lambu ta ci gaba da cika wa tuluna don tausayi, su suka rayu. Har mai lambu ya tsufa inuwarsu yake sha, yana tambayar matafiya ko sun ga wani mutum marar magana mai suna Nomau. Ba wanda ya taɓa ce masa i.

Sarkin Magina ya ce, "Allah ya ja zamaninka, mai lambu ya auna abin da ya jiƙe a sama, aikin kuwa yana ƙasa, tazarar yatsa ɗaya."

Sarki ya yi dariya ya ce, "Tsoho, labarinka da daɗi, amma ba ya gina ganuwa." Ya tuɓe shi a wurin, ya naɗa wani.

Aka shiga aiki. Maginan Tsauni suka nuna ba lalaci gare su ba, har ɗari huɗu suka riƙa bugawa, guga yana sauka yana hawa ba hutu. Mata suka ga ba mai son ruwansu, suka riƙa zubar da shi a bayan gida. Ran kwana talatin da takwas aka gama, Sarki ya sa aka buga tambari. Ran kwana arba'in da biyar guga ya fito da laka. Mutane suka fara fita gida gida, ta ƙofar nan mai kyau da suka gina da hannunsu. Sarki ne na ƙarshe. An ce da ya fita ya waiwaya ya daɗe yana kallo, ya tambaya ina tsohon Sarkin Magina, aka ce tun makon jiya aka binne shi a hanya.

Kwaɗo ya ce, "Ganuwar tana nan har yau, ranka ya daɗe, ko tsaga babu. Sarki ya so ya kamo mutanen kogi, ya kuwa kamo su a komai, sai kogin."

Tanimu ya ce, "Ni ba rijiya zan ƙafar ba. Wanki kawai nake so a yi da sauri."

Kwaɗo ya ce, "To, bari in tambaye ka. A gidan wankin nan naku, wa ke jawo ruwa?"

"Ba mai jawowa. Famfo ne."

"Wa ke ƙirga shi?"

"Ni dai ban taɓa ƙirgawa ba. Lokaci ake ƙirga mana."

"Daidai ne, don lokaci ne ya yi musu kaɗan. Nan kuwa muna da yini har ya yi mana yawa. Ka tsaya a kan Hansai da agogo, amma ka taɓa bin bokitinta ka ga inda yake zuwa?"

Tanimu ya ce bai taɓa ba.

Kwaɗo ya ce, "Ni daga nan nake kallo. Ruwan ɗaurayar yau shi ne ruwan jiƙon gobe. In ya yi kauri da sabulu ba ta kai shi gindin shuka, ta san yana ƙona saiwa, sai ta kai makewayi ko ta kwaɓa ƙasar yaɓe da shi. Ruwan da aka wanke gero bayan surfe na awaki ne. Tasar da take ajiye muku ku yi alwala a kai, wadda ka ce ƙauyanci ce ka ture da ƙafa, ita ke ciyar da zogalen da kuke miya da shi. Ku ashirin da uku ne a gidan nan, guga goma sha biyu kuke ci a yini. Gidan da ke bayanku su tara ne, guga ashirin. Kai da ka iya lissafi, gaya mini wa ke aikin mutum goma."

Tanimu ya ce, "Me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ta? Kuma kada ka ɗauke ni waliyyi, ina da nawa a ciki. Ita ke barin ɗigon nan a gindin randa da gangan. Amma ni in ta tafi kwaɗo ɗaya ne ya bushe."

Tanimu ya miƙe ya shiga cikin gida da sauri yana kiran Gwaggo. Matarsa Delu ta fito ta ce, "Ai ta tafi tun da aka yi sallar azahar. Ta ce ba sai an ɗauko mata amalanke ba, da ƙafarta ta shigo gidan nan." A tsakar gida ga mazubai bakwai a jere, kowanne da irin ruwansa, mata sun tsaya a kansu ba wadda ta san wanne za a kai ina.

Ya fita ba ko takalmi. Sai bayan gari ya cim mata, ƙunshin kayanta a ka, tana tafiya a hankali tana dafa gwiwa. Ya sha gabanta, ya durƙusa a kan ƙasar nan mai zafi da rawaninsa da komai.

Ya ce, "Gwaggo, na yi kuskure. Ban san abin da nake aunawa ba. Ki yi wa Allah ki dawo."

Ta dube shi ta ce, "Tashi, kada talakawanka su gan ka. Ƙafarka ma za ta ƙone, kai da ka saba da takalmin Turawa."

"Ba zan tashi ba sai kin ce kin dawo."

"To, za ka daɗe a nan." Ta gyara ƙunshinta. "Na yafe maka tun ranar, ɗan ƙanena ne kai, ba ni da wani. Amma a gaban yaran da na aurar ka ce ni na bar ku a baya. In na koma, duk sanda na ce a kai ruwan nan can, sai wata ta tuna. Bakina ya riga ya yi sauƙi a gidan nan."

"Zan tara su in janye maganar."

"Ka janye, yana da kyau. Amma sun riga sun ji." Sai ta ƙara da cewa, "Ka turo mini Delu ran Asabar, ta yi mako guda a wurina. Tana da hankali, za ta koya. Kafin nan ka gaya musu baƙin ruwan da ke cikin baho kada ya taɓa gindin komai. Wanda ke ƙwarya na awaki ne, a ba su kafin ya yi tsami."

Tanimu ya ce, "Na ji, Gwaggo. Duk na ji, kuma na karɓa."

Ya roƙe ta ta ba shi ƙunshin ya ɗauka. Da farko ta ƙi, daga baya ta sauke masa. Suka kama hanyar ƙauye, ita a gaba, Mai Gari a baya da kaya a ka, yana rage takunsa don kada ya wuce ta. Har suka isa bai ga fuskar sake roƙo ba. Da ɗanta ya fito ya karɓi kayan, ta shiga, Tanimu ya juyo gida shi kaɗai, yana maimaita abin da ta ce a kan baho da ƙwarya don kada ya manta kafin ya isa.