Kurege da Kwabo Mai Huji Biyu

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso ƙofa tana sallama!"

"Ta shigo mu ji ta!"

Wata ranar kasuwa ce, sai ga Raƙumi ya taso hankali a tashe. Shi attajiri ne, fataken dabino duk yaransa ne. Ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ɗaga wuya.

"Jama'a, kwabon kakana ya ɓace! Na haɗa shi cikin canji na ba wani ban sani ba. Kowane kwabo hujinsa ɗaya, shi biyu gare shi, haka maƙera suka yi kuskurensa tun zamanin da. Wanda ya kawo mini shi, buhu bakwai na gyaɗa nasa ne!"

Buhu nawa na ce?

"Bakwai!"

To, kasuwa ta ruɗe. Kowa ya zazzage aljihu yana dubawa. Ban da Kurege. Ya ce a ransa, "Wa zai tsaya neman huji, alhali ga ƙusa a gida?"

Ya ruga gida. Ya zaro kwabo uku cikin canjin da aka ba shi a kasuwa, ya ɗauko ƙusa da dutse. Idonsa na kan ƙofa kada wani ya leƙo, hannu na aiki. Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal! Ko kallonsu bai yi ba, ya watsa a aljihu ya fita.

Ya fara da Kaza mai ƙosai. Ya matso kusa, ya nuna mata kwabo ɗaya, ya yi ƙasa da murya.

"Iya, kin ga abin da na tsinta?"

Kaza ta ce, "Kai! To me ya hana ka kai masa?"

"Na taɓa ɗanɗana masa dabino bai sani ba. In ya gan ni, tattaka ni zai yi. Ba ni ƙwaryar gero ki riƙe."

Kaza ta ba shi.

Ya wuce wurin Akuya mai kayan miya.

"Gwaggo, ga arziki ya zo miki har rumfa."

Akuya ta ce, "Kai ba ka son arzikin ne?"

"Likita ya hana ni gyaɗa. Ba ni kwandon tumatir."

Akuya ta ba shi.

Sai Kura, sarauniyar fawa. Ita ko tambaya ba ta yi ba. Ta fizge kwabon ta jefa a kumatu, ta tura masa tulun zuma da ƙafa.

"Ɓace mini! In ka faɗa wa wani, da kai zan yi miya."

Da la'asar su uku suka yi karo a ƙofar Raƙumi, kowacce tana harara. Kurege kuwa ya haye katanga da zumarsa, ya zo kallon dariya.

Raƙumi ya karɓi na Kaza, ya juya shi. "Hujin nan ko tsatsa bai yi ba. Na yau ne."

Ya karɓi na Akuya, ya shinshina. "Wannan ma warin ƙusa yake."

Kura ta tofo nata a tafin hannu. Raƙumi ya goge miyau, ya ɗaga shi sama.

"Wayyo! Shi ne! Ga shaidar haƙorin kakana a gefe, ga tsofaffin hujinsa biyu. Wane mugun ne ya ƙara masa na uku?"

Yara, huji nawa ya zama?

"Uku!"

Raƙumi ya ce, "An lalata shi. Ko ƙwayar gyaɗa ba zan bayar ba."

Kurege na kan katanga yana jin komai. Ashe tun safe kwabon na cikin aljihunsa! Baƙin ciki ya sa ya manta inda yake, ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu.

"Buhuna bakwai! Da hannuna na huda su!"

Duk suka ɗaga kai.

Kaza ta ce, "Gerona!"

Akuya ta ce, "Tumatirina!"

Kura kuwa sai lasar baki.

Kurege ya diro, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kura na binsa, Akuya na tunkuyi, Kaza na kaɗa fuka-fuki. Da ƙyar ya samu wani rami ya afka. Haƙorin Kura ya kama gashin jelarsa ya tsefe shi buzu-buzu.

Shi ya sa har yau kurege a rami yake kwana, jelarsa a tsefe. Kuma in ya tsinci abu, ko ɓawon gyaɗa ne, sai ya miƙe tsaye, ya riƙe shi da hannu biyu, ya juya gaba, ya juya baya. Huji yake ƙirgawa.

Ku ma in an ba ku canji, ku duba abin da ke hannunku kafin ku tafi yi wa wani wayo.

Ƙurunƙus kan kusu! Wanda ya tsinci tsohon kwabo, ya kawo mini in fara gani.