Igiyar Kura a Tsakiyar Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu ji ta, mu kwashe ta da hannu biyu.

Wani tafki ne ya raba ƙasar Kura da ƙasar Dila, ga shi yana ta ƙafewa. Dila ya ce, "Yaya Kura, mu haɗa gayya mu yashe shi, mu sa Kunkuru ya riƙa duba mana lafiyar ruwan."

Kura ta ce, "Ni ba na tarayya da kowa." Ta ja igiya ta tsakiyar tafki. "Nan nawa, can naka."

Don mugunta, kullum sai ta wurga ruɓaɓɓen hanji ɓangaren Dila, ta koma nata ta sha ta ƙoshi. Ba a jima ba gudawa ta sarƙe ta, har ƙafafunta na baya suka lanƙwashe.

Ta rarrafo wurin Dila ta ce, "Ƙanena, wa ya ɓata mini ruwa? Ga igiyata nan ba ta tsinke ba."

Dila ya ce, "Yaya, ni da ke muka san da igiyar. Shi ruwa ba wanda ya gaya masa."

Washegari Kura ce ta riga kowa zuwa gayya, tana ɗingishi.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Mai musu ya je ya dubi ƙafafun Kura.